Za a Hau Maɗaci

Maɗacin da ke tsakar gidan Ashafa a Jakara ya girmi duk wanda ke kwana a inuwarsa. Kakansa ne ya dasa shi a jikin katangar baya, a zamanin da ba wanda ya yi tunanin itace zai kafa ƙafa a gida ɗaya ya miƙa hannu cikin wani. Jikinsa a miƙe yake sambal, ba reshe ba makama, sai ya wuce tsayin bene sannan ya fara rabuwa. Iskar da ta zo da ruwan ranar Talata ce ta tsaga babban reshen da ya tsallaka katanga. Bai faɗo ba, bai kuma koma mazauninsa ba. Ya tsage daga tushe ya rankwafa, ya tsaya yana rangaji daidai saman ɗakin Luba, matar maƙwabcinsu da ya rasu, wadda ke cikin takaba.

Ɗakin ginin ƙasa ne da rufin kwano. Reshen kuwa ya kai kaurin ƙugun ƙato. Ba sai an kira malami ya faɗi abin da zai faru ba in iska ta sake kaɗawa.

An kira masu injin yankan itace, suka zo suka ɗaga kai suka yi ta kallo. Suka ce tsaninsu bai kai can ba, abin da suka iya shi ne su sare itacen daga gindi, in kuwa suka yi haka sai ya kwanta a kan gida uku. Suka sha ruwa suka tafi. Ashafa bai ji haushin tafiyarsu ba. Gaskiyar magana daɗi ma ya ji, kuma daga nan ɓarnar ta faro.

Ashafa mai facin taya ne a Ƙofar Wambai, ya ba hamsin baya, amma faci abincinsa ne kawai. Zuciyarsa tana wurin ƙira. Ba ɗan maƙera ba ne, ba kuma wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A wata 'yar rumfa bayan madafi ya haɗa murhun gawayi da zugazugi, yana tsinto karyayyun sifirin mota yana buge su su zama wuƙaƙe, ya yi musu ƙota da ƙahon sa. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba, don ya san inda wuƙa mai kyau take ƙarewa a unguwa irin tasu in ta bar hannun mai ita. Abokinsa Gambo mahauci kaɗai yake ba wa ya gwada a kan ƙashi ya dawo masa da labari. Matarsa Ladi takan ce gidansu ya fi kowane gida wuƙa, ya kasa kowane gida abin yankawa.

Ban da wuƙaƙe akwai wani abin da ya haɗa tun kafin damina, bayan ya ga irinsa a waya. Bututun ruwa ne na roba guda biyu, mai kauri da siriri. Mai kaurin ya toshe ƙarshensa ya dasa masa bawul ɗin taya, nan ake ɗura iska da famfon keke. Tsakaninsa da siririn ya sa kan famfo mai hannu, irin wanda murɗa ɗaya ke buɗe shi gaba ɗaya. A cikin siririn ake zura wata 'yar jakar fata cike da yashi, ɗaure da siririn zaren nailan. In aka murɗa hannun, iskar ta kuɓuce, jakar ta tashi da zaren ta tsallake reshen da aka nufa ta faɗo ta ɗaya gefen. Da zaren ake jawo igiya mai kauri, da igiyar mutum yake hawa. Mutanen lungu suka sa wa abin suna bindigar iska. Ashafa ya tsani sunan, har ya ɗauki abin ya kai wa mai unguwa ya gwada a gabansa, don kada wani ya ji ƙara ya jawo masa hukuma. Ya hau itatuwa da shi a bayan Goron Dutse, inda ba kowa sai awaki. Amma maɗacin gidansa bai taɓa hawa ba, don babu hujjar da za ta sa namiji ya tsaya a saman gidajen mutane. Yanzu hujja ta samu.

Ba laifi ba ne mutum ya so aikin hannunsa. Laifin shi ne ya ƙagu ya nuna shi.

Ranar Laraba ya sami Malam Nata'ala, ƙanin mijin Luba, wanda shi ne babba a gidan yanzu, suka yi magana a ƙofar masallaci. Suka tsayar cewa a ranar za a kwashe komai daga ɗakin da ke ƙarƙashin reshen, Luba ta koma ɗakin da ke can ƙetaren tsakar gida kusa da madafi. Gobe Alhamis bayan la'asar, in Malam Nata'ala ya dawo daga shagonsa na kasuwar Kurmi, Ashafa zai hau. Da yamma Malam Nata'ala ya aiko cewa an kwashe, ko tsintsiya ba a bari ba.

Sai dai hadari ba ya cikin waɗanda aka yi shawara da su. Ranar Alhamis tun kafin azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ashafa yana rumfar facinsa ya ɗaga kai ya gani, ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya bi ta wurin mahauta ya janyo Gambo. A hanya ya kira wayar Malam Nata'ala ba ta shiga ba. Ya sake kira, haka. Ya sa wayar a aljihu ya ce aikin ba zai jira la'asar ba.

Da suka shiga gida Ladi ta ce bari ta zaga ta gaya wa Yaya Luba an sauya lokaci. Gidajen biyu katanga ɗaya ce ta raba su, amma baya suka ba juna. Ƙofar su Luba tana can wani lungu. Kafin ka kai sai ka bi bayan masallaci, ka tsallake kwata, ka ratsa ta wurin dukawa, ka sake kwana. Mutumin da yake jin tarinka daga ɗakinsa, sai ka yi tafiya kafin ka gaishe shi. Ashafa ya ce ba sai ta je ba, ɗakin ba kowa a ciki, kuma ai zai yi kira kamar yadda aka saba. Ladi ta dube shi, ta dubi sama.

Ya warware zaren a hankali cikin bokiti don kada ya sarƙe, ya zura jakar cikin bututu, ya taka famfon keke yana bugawa har hannunsa ya ji iskar ta yi tauri. Gambo yana tsaye yana ce masa injiniyan Jakara, yana tambaya ko in abin ya fashe wa zai gaji wuƙaƙen. Ashafa bai kula shi ba. Ya durƙusa, ya kafa gindin bututun a ƙasa, ya auna wata gwafa da ke can sama da reshen da ya tsage, ya murɗa. Abin ya yi tari mai ƙarfi, jakar ta tashi, iska ta karkatar da ita ta bugi jikin itacen ta dawo. Ya tattara zaren, ya sake ɗura iska, wannan karon ya jira har ganyen suka lafa. Jakar ta ratsa tsakiyar gwafar ta sauko tana juyi a gaban rumfar ƙira. Gambo ma sai da ya ce madalla.

Suka jawo igiyar hawa da zaren. Ashafa ya ɗaura ɗamarar da ya ɗinka da bel ɗin kujerar mota, ya rataya wata doguwar igiyar da wata gajera a kafaɗa, ya soke sabuwar addarsa a kube. Wannan addar satin da ya wuce ya gama ta, bai taɓa sara da ita ba.

A cikin birni ba a hawa sama a ɓoye. Mai yaɓen soro, mai gyaran kwano, mai ciro dabino, kowa sai ya ɗaga murya tukuna, don matan gidajen kewaye su kintsa ko su shige ɗaki. Wanda ya hau bai yi haka ba ba a kiransa ɗan mutunci. Ashafa ya kafa hannu a baki ya fuskanci katanga.

“Salamu alaikum masu gida. Za a hau maɗaci. Mata a kintsa, za a hau maɗaci.”

Ya maimaita, ya sake maimaitawa. Ya ji ƙarar bokiti a bayan katanga, da takun ƙafa da sauri, da ƙofa ta rufu. Ya ce a ransa saƙo ya isa. Ya yi bisimilla ya fara hawa, yana tura ƙulli sama yana taka madauki, kuma tun daga ƙasa ya juya wa gidan su Luba baya. Ko da ya wuce tsayin katanga bai waiwaya ba. Haka aka koya masa, haka kuma ya kamata. Amma da ya saci kallo sau ɗaya a ranar, da ya ga wace ƙofa ce ta rufu.

A sama iska ta fi yadda take a ƙasa. Ya isa wurin tsagar ya ga farin cikin itacen a buɗe, abin da ya rage yana riƙe da reshen bai fi faɗin tafin hannu biyu ba. Ya tsallakar da doguwar igiyar ta gwafar sama, ya miƙa jiki ya ɗaure ta a tsakiyar reshen, ya jefa wa Gambo ɗaya bakin ya ce ya naɗa a gindin itacen ya riƙe. Gajerar ya ɗaura kusa da tsagar, ya zaga da ita jikin maɗacin ya kamo bakinta. Shirinsa shi ne ya fara rage ƙananan rassan don nauyi ya ragu, sannan ya ci tsagar kaɗan kaɗan, in reshen ya rabu Gambo ya riƙe nauyinsa, shi kuma ya janyo shi da gajerar igiya ya dawo ta kan katanga ya sauka a gidansa. Shiri ne mai kyau. Sai aka yi tsawa daga gabas, ya ga rage rassa zai ci lokaci, ya zare addar ya nufi tsagar kai tsaye.

Maɗaci itace ne mai taurin kai, amma addar ta shige shi kamar rake. Ashafa ya ji daɗin saran har cikin kafaɗarsa. Ya yi niyyar ya tsaya ya duba, hannunsa ya ƙara ɗaya. Reshen ya yi wani nishi, ya sauka da kusan kamu guda, ya murɗa, ƙananan rassansa suka shari rufin kwanon da ke ƙasa. Ashafa ya saki addar ta rataya a igiyarta, ya cafki gajerar igiyar da hannu biyu ya tokare ƙafa.

A nan ne ya ji muryar. Daga ƙarƙashin kwanon ta fito, muryar mace, tana innalillahi a hankali.

Ya juya kai karon farko ya dubi gidan. Ga bokiti a kife a bakin rijiya, ga wanki a jiƙe cikin baho, ga ƙofar ɗakin kusa da madafi a buɗe ba kowa. Ƙofar ɗakin da ke ƙarƙashin reshen ita ce a rufe.

Ya kira Ladi da muryar da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. Ya ce ta hau wani abu ta leƙa katanga, Yaya Luba tana cikin tsohon ɗakin. Ladi ta mirgino turmi ta kife shi ta hau, kanta ya ɗan wuce katangar. Ta kira Luba, Luba ta amsa daga ciki, kuma a 'yan kalmomi aka ji yadda abin ya faru. 'Yarta ta fita kai jariri asibiti, ita Luba ta sa wa ƙofar gida sakata, ta ce bari ta yi wanki kafin la'asar. Ita kaɗai ce a gida, don haka ɗaurin ƙirji ne a jikinta, kai ba ɗankwali. Da ta ji kiran za a hau, ƙafarta ta kai ta ƙofar da ta fi kusa, wadda ta saba shiga tun tana amarya. Sai da ta rufe ta tuna an kwashe ɗakin. Babu mayafi a ciki, babu hijabi, ko tabarmar da za ta yafa babu.

Ladi ta ce ta fito da gudu, reshen ya kusa rabuwa. Luba ta ce Ashafa ya sauka tukuna.

Ashafa ya yi mata bayani daga sama, yana haki. Ba zai iya sauka ba. Igiyar da ke hannunsa ita ce ta hana gindin reshen ya yi tsalle ya auka kan ɗakin, kuma nauyi ya riga ya hau kanta, babu sararin da zai ƙulle ta. In ya saki ya sauka, reshen zai riga shi ƙasa. Ya ce mata Yaya Luba, lalura ce, addini bai hana ba, ko malamin da ya fi kowa tsanani zai ce ta fito.

“Malam Ashafa,” in ji Luba, ba tare da ta ɗaga murya ba, “ƙasar kabarin mijina ba ta gama bushewa ba. Shi kaɗai ya taɓa ganin kaina. Ba zan ratsa tsakar gida a haka ba kana sama kana kallo.”

Gambo daga ƙasa, igiya naɗe a damtsensa, ya ce wa Ladi ta gaya wa Hajiya wanda ke sama ba namiji ba ne, biri ne mai hula. Ba wanda ya yi dariya. Ya ƙara da cewa in itacen ya faɗo mata, maza ne za su tono ta, kuma ba za su tsaya neman mayafi ba. Ladi ta ce masa ya rufe baki.

Kunya ado ce, ba wanda ya musa. Amma wadda aka tarbiyyantar tun tana yarinya a kan cewa mutuwa ta fi a ga kanta, ba a rana ɗaya ake warware mata wannan ba, balle daga kan itace. Waɗanda suka ɗora mata karatun rabinsa suka ba ta, suka riƙe rabin da ke cewa rai yana gaba. Ashafa kuma da yake mata wa'azi yanzu, shi ne ya hana a zaga a gaya mata.

Ladi ta cire mayafinta ta dunƙule ta jefa wajen ƙofar ɗakin. Iska ta buɗe shi tun yana sama, ta ɗauke shi ta wuce da shi kan rufin wani gida. Ta ce bari ta sauka ta ɗauko wani ta ɗaura masa dutse. Ashafa ya ce babu lokaci. Yana jin tsagar tana ci a ƙarƙashin ƙafarsa, zare bayan zare, kowane kaɗawar iska sai igiyar ta ja ɗan yatsa guda ta cikin tafinsa. Sama ta yi duhu kamar magariba, ƙura da ledoji suna tashi daga lungu.

Ya ce, “Yaya Luba, saurara. Zan rufe idona. Wallahi tallahi ba zan buɗe ba sai kin ce in buɗe. Ladi tana ganina, ita ce shaida.”

Hannunsa biyu suna kan igiya, don haka ya kafa goshi a jikin itacen ya tura kai sama, ɓawon ya kama hular saƙar da ke kansa ya jawo ta ƙasa. Ya sake turawa har ta rufe masa ido da karan hanci, goshinsa ya ɗaye. Ya ji Ladi tana rantsuwa cewa ya rufe, fuskarsa duk tana cikin hula, ko hasken rana ba ya gani. Ya ji Luba tana tambaya ko ɗayan fa. Ladi ta ce ɗayan yana ƙasa bayan katanga, tsayinsa bai kai ba.

Sai Gambo ya yi kira, ba da wasa ba wannan karon. Naɗin da ya yi a gindin itacen yana zamewa, yana son wanda zai kama masa wutsiyar igiyar. Ladi ta ce, “Yaya Luba, don girman Allah yanzu,” ta diro daga turmin ta ruga wurinsa. Ba sauran mai ganin ƙofar ɗakin.

Ashafa bai san yawan abin da idonsa ke yi masa ba sai da ya rasa shi. Ɗazu yana ganin ganye sun kwanta ya san iska na zuwa, ya tokare kafin ta iso. Yanzu sai ta buge shi yake sani. Reshen ya ja hagu, ya bi shi a makare. Ya ja dama, igiyar ta zame ta ƙone masa tafi, ya ji ɗumi yana bin tsintsiyar hannunsa. Ya kasa kunne ko zai ji ƙarar ƙofa, amma kwanukan unguwar gaba ɗaya suna kaɗawa, ba a rarrabe wata ƙara da wata. Ya tambaya ko ta fito. Ba amsa. Ya san ko ta fito ba za ta amsa ba, don mace a wannan hali ba za ta nuna wa namiji inda take da muryarta ba. Ya san kuma in ba ta fito ba shirun ɗaya ne.

Ya yi ta karanta abin da ya zo bakinsa. Ya naɗa igiyar a hannun dama ya ce ko hannun zai tafi ya tafi.

Iskar da ke gaban ruwa ta iso gaba ɗaya. Maɗacin ya sunkuya da shi, tsagar ta yi ƙara kamar an yaga sabon yadi, gindin reshen ya tashi ya wuce ta gefen kunnensa. Igiyar ta fizge daga hannunsa ta tafi da fata. A ƙasa Gambo ya yi ihu, doguwar igiyar ta gudu ta cikin gwafa, sannan aka ji rugugin kwano da katako da ƙasa.

Bayan haka sai ɗigon ruwa, manya manya, ɗai ɗai.

Ashafa yana rataye a ɗamararsa, hula a fuska. Ya ji Ladi tana kiran sunan Luba, ta kira har muryarta ta dushe, sannan ya ji gudunta ta nufi zaure za ta zaga. Ya san nisan zagayen, ya san kuma za ta tarar da sakata. Gambo yana ƙasa yana ce masa ya duba, shi kaɗai ne mai gani, ya duba ya gaya musu.

Ya rantse da Allah, kuma matar ta yarda da rantsuwarsa. In tana tsakar gida a tsaye ba lulluɓi, ya buɗe ido, ya ci amanar da ta sa ta fito. In kuma tana ƙarƙashin ƙasa da katako, kowane numfashin da ya yi a rufe yana rage nata. Ya kira ta sau ɗaya, ya jira. Ruwan ya ƙara ƙarfi. Ya tuna shi ne ɗazu yake faɗa mata rai yana gaba da komai, ya ga ashe faɗa ta fi yi sauƙi. Rantsuwa tana da kaffara. Ya ɗaga hannu, yatsun suka ƙi lanƙwasa, ya tura hular sama da bayan hannunsa.

Rabin ɗakin ya tafi. Reshen ya huda rufin ya kwanta a ciki, bangon gaba ya rufta har ƙofar. Idonsa ya bi tsakar gidan da sauri, rijiya, baho, igiyar shanya. A bakin ɗakin kusa da madafi ya ga diddigen ƙafa ɗaya yana shigewa, labule ya faɗo a bayansa. Ya kawar da kai nan take, ya jingina goshi da itacen.

Ya gaya wa Gambo tana da rai. Gambo ya zauna daɓas a cikin ruwa ya riƙe kai.

An ɗan jima kafin murya ta fito daga bayan labulen. Ta ce, “Malam Ashafa, na shiga. Buɗe idonka.”

Da ya yi shiru, da maganar ta wuce a haka, ba wanda zai taɓa sani.

“Na riga na buɗe, Yaya Luba, tun da ya faɗi. Na kira ban ji ki ba. Ban ga komai ba sai diddigenki kina shiga. Zan yi kaffara. Ki yafe ni.”

Labulen bai motsa ba. Ruwa yana dukan bayansa, yana wanke jinin hannunsa yana gangarawa ta gwiwar hannu.

“Ka sauko haka nan,” in ji ta. “Ka daɗe a saman gidan mutane.”

Saukar ma ba ta yiwu da hannunsa ba, don tafin biyu sun saɓule, ba ya iya kama ƙulli. Gambo ne ya kwance igiyar hawan daga inda aka ɗaure ta, ya naɗa a gindin itacen, ya riƙa sassautawa yana sauko da shi a hankali kamar yadda ake sauke cinyar sa daga ƙugiya. Da ƙafarsa ta taɓa ƙasa sai ya zauna a cikin taɓo. Gambo ya durƙusa zai duba hannun, Ashafa ya janye.

Ya ce ya bar hannun tukuna, ya bi Ladi da gudu. Tana can ƙofar wancan lungun cikin ruwa tana dukan ƙyaure, ba wanda ya gaya mata Luba tana da rai.